Kafaɗar Dee Obidike

Laraba, 5 ga Nuwamba, ƙarfe shida na safe

Dee Obidike yana da rai. Wannan zan fara rubutawa, kuma na gode wa Allah.

Jiya da hantsi yana ba kajinsa ruwa a tsakar gida, matarsa Ugonma ta ji ƙarar kwano, ta leƙa ta same shi a ƙasa. Maƙwabta suka kai shi asibiti. Ni ina rumfata a kasuwar Ariaria ina rigima da wani a kan fatar takalmi aka kira ni. Abin da likita ya faɗa mana a baranda ba zan sa shi a takarda ba. Na ji shi sau ɗaya, ya ishe ni.

Lahadin ƙarshen watan nan ya kamata mu hau dandamali, da yamma, a tsohon otal ɗin titin Ngwa inda muka fara bayan yaƙin basasa. An riga an manna hotonmu ko'ina, har jikin motocin haya: Egbe Igwe sun dawo. Sunan ƙungiyar kiɗanmu ke nan. Hoton tun muna da gashi a ka aka ɗauke shi. Ni Nwankpa a kan ganguna, Erondu da jitar bes, Ahukanna a piyano, Dee a gaba da jita da murya. Wasu Turawa ne suka tono faifanmu na farko suka sake bugawa, shi ne 'yan zamani suka gano ashe an yi kiɗan rok a Aba tun iyayensu na goye. Yanzu har rumfa suke bi na suna cewa, "Baba, wai da gaske kai ne a can baya?" Ni ne mana. Kullum a baya nake.

Matata Adaku ta ce in sa wani abu a cikina kafin in fita. Na kasa.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Mun je mu uku. Ya gane mu, wannan babu tantama. Idonsa ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, irin kallon da yake mana idan mun makara atisaye. Bakin ya ɗan karkace. Hannun dama yana nan kwance inda nas ta ajiye shi. Ya buɗe baki zai ce wani abu, sai iska da guntun sauti. Ya sake gwadawa, daga nan ya haƙura.

Erondu, wanda ko a jana'iza bai iya shiru ba, ya matsa bakin gado ya ce, "Dee, shekara arba'in kana zagina in na sha bammi kafin wasa. To yau na sha, har kofi biyu. Zage ni mu gani."

Dee ya ɗaga hannun hagu a hankali ya yi masa daƙƙuwa. Muka fashe da dariya har nas ta leƙo ta harare mu. Da muka fito, Erondu ya jingina da bango ya yi ta kuka, mu kuma muka tsaya muna kallon wajen ajiye motoci kamar akwai abin gani a can.

Ugonma ta biyo mu har bakin ƙofa. Ta ce, "Ku ji ni da kyau, tsofaffin nan. Duk wanda ya yi masa zancen wasan nan, ni da shi ne."

Muka ce, "To, matarmu." Haka muke kiranta tun da Dee ya aure ta.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na yamma

Bai yi magana ba. Ya sha kunu da kansa, da hagu. Na gode da wannan.

Asabar, 8 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Bari in rubuta a hankali.

Ugonma ta aike ni ɗebo ruwan zafi a ƙarshen baranda. Na baro Ahukanna zaune a gefen gado. Shi kuwa Ahukanna duk inda ya zauna sai ya yi ta gunaguni da hanci, shi kansa bai san yana yi ba, a coci ma haka yake har fada, limamin cocin, ya gaji da yi masa magana. Ashe abin da hancin ya ɗauko yau "Jirgin Umuahia" ne, babbar waƙarmu.

Ina dawowa da filas a hannu na ji murya. Muryar Dee, da kalmomi, kowace a wurinta. Baitin farko gaba ɗaya, har da ɗan karyewar nan da yake yi a ƙarshe. Na tsaya cak, wata mata mai tura gado ta kusa take ni. Kafin in isa ɗakin ya gama. Na tarar da Ugonma ta dafe baki, Ahukanna kuma ya zaro ido kamar an kama shi da sata.

Na ce, "Dee! Ka yi magana! Faɗi sunana."

Ya gwada. Babu. Iska kawai.

Likita ya ce haka na faruwa, wai waƙa da magana ba ɗaki guda suke kwana a cikin kan mutum ba. Ban damu da ɗakunansu ba. Na ji muryar da na ɗauka an binne ta ranar Talata, kuma a hanyar gida na sayi abarba biyu ban san dalili ba.

Talata, 11 ga Nuwamba, ƙarfe shida na safe

An sallame shi jiya. Keken asibiti, magunguna cike da leda, sai zuwa gashin ƙashi.

Na tashi yau ina tuna yadda ya same ni. Yaƙi ya ƙare, ban ga kowa nawa ba, ina kwana a tashar jirgi ina buga garwa don in samu abin kai wa baki. Wani dogo ya tsaya a kaina da wando mai faɗin ƙafa, ya saurara, ya ce, "Hannunka na dama yana da hankali, na hagu ne jahili. Ka ci abinci?" Ban ci ba. Ya kai ni ɗakinsa ya ba ni garin rogo da kifi. Bai taɓa tayar da zancen ba har yau, ni ma ban taɓa ce masa na gode ba, don ba haka muke da shi ba. To na rubuta a nan.

Laraba, 12 ga Nuwamba, tsakar rana

Ugonma ce da kanta ta kira. Mai gashin ƙashi ta ce waƙa tana iya buɗe masa harshe, a bar shi ya yi. Ta ce, "Ku kawo tarkacenku falo gobe. Amma magani ne, Nwankpa, ba wasa ba. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Na kashe waya na yi rawa a rumfa, maƙwabcina mai sayar da igiyar takalmi ya ce ko na ci caca ne.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na yamma

Ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba, don haka na yi duka biyun.

Mun jera kaya kamar kullum. Dee a gaba cikin kekensa yana fuskantar taga, mu uku a bayansa. Jita kam ba zance, tana rataye a bango, babu wanda ya kalli wajen. Ugonma ta ce ba za ta iya kallo ba, ta shige kicin. Na buga sanda, muka shiga "Jirgin Umuahia", muryar ta fito. Ta yi rauni, amma ita ce.

Sai ga abin da babu wanda ya yi tunaninsa.

Mu ba mu taɓa rubuta waƙoƙinmu ba, kuma babu wadda take da tsayi guda. Da muka fara, kayan sautin na aro ne daga barikin soja, ƙararsu kamar jirgin sama zai tashi, ba mai jin ɗan'uwansa. Sai aiki da ido. Idan Dee ya ɗaga kafaɗar dama, a ƙara wuta. Idan ya sauke ta ƙasa, in yi bugu huɗu in rufe da farantin ƙarfen da ke jikin ganguna, kowa ya tsaya tare da muryarsa. Ba mu taɓa zama mun ce ga doka ba, haka abin ya zo ya zauna. Wata rana waƙar nan gajera ce, wata rana sai masu rawa sun fara zubewa, ya danganta da abin da Dee ya ji a jikinsa. Ni dai nawa kallon kafaɗa. Na san bayan mutumin nan fiye da tafin hannuna.

To kafaɗar dama ce, ɓangaren da ciwon ya kama.

Ya gama baitoci ya yi shiru, muka ɗauka wurin kiɗa ne zalla, muka ci gaba. Muka ci gaba. Tsofaffi uku sun ƙura wa kafaɗa ido, gumi na zuba, Erondu yana cizon leɓe don yatsunsa sun fara zafi, Ahukanna ya juya abu ɗaya har ya rasa yadda zai sake juya shi. Ko a mafarki bai zo mana cewa ba za ta sauka ba. Sai da Ugonma ta fita ta kashe janareto.

Ta shigo da ludayi a hannu ta ce, "Chineke! Jirgin nan naku ba shi da birki ne? Mutumin ya sauka tuntuni!"

Bayan Dee yana girgiza. Na ɗauka kuka yake, na zagaya da sauri, ashe dariya ce, har da hawaye. Muka taya shi. Can sai na ga ya kai hannun hagu ya kama kafaɗar yana ja ƙasa, yana ja, kamar mai fama da ƙofar da ta cije. Dariyar ta tsaya.

Mun ci miyar ugu da sakwara.

Asabar, 15 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Ahukanna ya zo da dabarar coci: a ƙidaya zagaye, kowa ya san inda za a tsaya. Erondu ya ce, "Wato rok da lissafi? Ka kawo mana fada ma ya yi mana huɗuba a tsakiya."

An gwada duk da haka. Bai yiwu ba. Da zarar Dee ya fara ƙirga a ransa sai kalmomin su watse. Muka ce to ya ɗaga hannun hagu idan ya gama. Nan ma haka, yana tuna hannun waƙar ke gudu. Ashe sai ya manta da kansa take zuwa.

Duk da haka ya rera uku yau. Uku! Mutumin da aka ce mana a baranda abin da aka ce.

Mutumin rediyo da ya shirya wasan ya kira yana tambaya ko a soke. Na ce kada ya soke. Ugonma ba ta sani ba. Dee ya sani, don da na ajiye waya yana kallona, ya gyaɗa kai.

Litinin, 17 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na dare

Ba na son rubuta yau.

Talata, 18 ga Nuwamba, ƙarfe biyar da rabi na safe

Ni na ce a bar mini. Na ce na san numfashin Dee, na san inda yake ajiye waƙa, zan rufe da kaina kowa ya bi ni. Na faɗa da ƙarfin hali, har da buga ƙirji. Erondu ya ce, "Kai ɗin?" Na ce ni ɗin.

Mutane sun taru a taga, don labari ya zagaya unguwa. Mata da kwanduna, masu gyaran babur, har da mai sayar da gasasshen masara. Waƙar ta yi daɗi jiya, ta fi ko yaushe, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Na ji kamar ya zo ƙarshe. Na yi bugu huɗu na rufe. Erondu da Ahukanna suka tsaya tare da ni.

Bai gama ba. Ya riga ya ja numfashi ya shiga wani baitin. Kiɗan da yake takawa ya ɓace a ƙarƙashinsa, kalmar ta tsinke a rabi, sai wannan sautin da yake yi idan yana son magana, da ƙarfi, ta cikin lasifika, har titi. Ya sake. Ya sake. Wani a taga ya yi dariya, ba don mugunta ba, na sani. Wata kuma ta ce, "Wayyo, bawan Allah." Wannan ta fi dariyar muni.

Ya kaɗe makirufo da hagu ya faɗi ƙasa.

Ugonma ta fito ta ja labule. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Na ce muku magani, kun mayar mini da miji abin kallo. Mai rediyon ma yanzu na ji yana sanarwa wai kuna nan tafe. Ku kwashe kayanku."

Na ce, "Matarmu, ki bari in..."

Ta ce, "Yau ni ba matarku ba ce. Matarsa ce. Fita, Nwankpa."

Dee bai juyo ba. Bayansa na gani, kamar kullum.

Laraba, 19 ga Nuwamba, tsakar rana

Ba ta ɗaga waya ba.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Ba ta ɗaga ba. Adaku ta kai musu farfesu, an karɓa. Ta ce ya ƙi cin abincin safe, ya ƙi a kunna rediyo. An karɓi farfesun dai, na gode da wannan.

Gangunan suna nan a tsakar gida cikin buhu. Ina zagaye su in wuce.

Asabar, 22 ga Nuwamba, ƙarfe uku na yamma

Mun haɗu da mutumin rediyo a shagon Erondu. Yaron kirki ne, sai dai yawan magana. Ya ce akwai wani mawaƙi a Fatakwal da ya haddace faifanmu, muryarsa sak ta Dee, sai a kawo shi.

Erondu ya ce, "Akwai kuma wani a Onica mai kama da babanka sak. A kawo wa mamanka shi?"

Sai da na taka masa ƙafa. Mun tsaya a kan za mu yi wasan mu uku, Ahukanna ya rera, a ƙidaya zagaye irin na coci. Jama'a sun sa rai, akwai masu tahowa tun daga Legas. Ahukanna bai yi murna ba. Ya ce, "Ni muryata ta ɗaukar gawa ce, kun sani." Babu wanda ya musa masa.

Ban taɓa hawa dandamali ba tare da bayan nan a gabana ba. Ban san inda zan ajiye idona ba.

Litinin, 24 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Ta kira! Ba gaisuwa, ba komai. Ta ce, "Bayana ya riƙe, ba zan iya tura keken nan zuwa gashi ba. In kana da amfani ka zo."

Na rufe rumfa da mai saye a tsaye.

Na same shi an yi masa aski, an sa masa farar riga. Na durƙusa a gefensa na ce, "Dee, na yanke ka. Ka yafe mini." Ya daɗe yana kallon bango. Daga nan ya miƙo hagu ya ja kunnena, da zafi kuwa, irin yadda yake mini in na yi saurin bugu muna samari. Ban taɓa jin daɗin zafi kamar na yau ba.

Na tura shi har can na dawo da shi. Titin duk rami, ruwan jiya ya cika su. A hanya yatsunsa suna bugun hannun keken, na kuma gane abin da suke bugawa, amma na kama bakina.

Laraba, 26 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Gashi kuma. Bai yi magana ba. Babban yatsan dama ya motsa, mai gashin ta gani, ni ma na gani. Kafaɗar dai tana nan yadda take.

Na gaya wa Ugonma shawarar da muka yanke, a gabansa, don ba na son ɓoye-ɓoye kuma. Ta ce, "Ku yi abinku." Dee ya buga hannun keke da ƙarfi, ya nuna ƙirjinsa, ya nuna ƙofa.

Ta ce masa, "Ba za ka hau ko'ina ba, Papa Nkiru." Haka take kiransa, da sunan 'yarsu.

Ya girgiza kai. Ya nuna idonsa.

Ta ce, "Kallo kawai?" Ya gyaɗa kai. Ta yi ajiyar zuciya, ta juyo kaina. "Layin gaba, kusa da ƙofa. Ba makirufo, ba kiran sunansa, ba a hasko shi da fitila. In ya gaji mu tafi."

Na yi rantsuwa da duk abin da na sani.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na yamma

Atisaye mu uku. Kowace waƙa ta ƙare daidai inda aka ƙirga. Erondu ya ce kamar cin shinkafa ba gishiri. Haka ne, amma ana ƙoshi.

Lahadi, 30 ga Nuwamba, ƙarfe shida na safe

Yau ne. Adaku ta goge mini rigar.

Lahadi, ƙarfe takwas na dare

Ba zan iya rubutawa yanzu ba. Allah, na gode. Na gode.

Litinin, 1 ga Disamba, ƙarfe goma na safe

Ban buɗe rumfa ba. Hannuwana sun kumbura, da ƙyar nake riƙe biro.

Ɗakin ya cika har baranda. Rabi 'yan zamani da wayoyi a sama, rabi mutanenmu, waɗanda suka yi rawar yammacin Lahadi a nan suna 'yan makaranta, yanzu da sanduna da manyan ɗankwalaye. An yi fenti, an canja fankoki, amma dandamalin har yau yana da lotsawar nan a gefen hagu. Dee yana layin gaba cikin baƙar kwat, Ugonma a damarsa. Babu wanda ya kira sunansa. Tsofaffin dai sun gan shi, suna wucewa suna taɓa hannun keken.

Mun yi wasa. Ahukanna ya yi iya ƙoƙarinsa, jama'a suka taimaka masa, don sun fi shi sanin kalmomin. Gabana fili, ba kowa. Na rasa abin kallo, sai na yi ta kallon fanka.

Sai aka fara kiran "Jirgin Umuahia". Mun bar ta ƙarshe da gangan. Na buga sanda, Erondu ya shigo, Ahukanna ya buɗe baki zai fara, sai wata murya ta riga shi daga ƙasa. Ba makirufo, amma mun ji ta, don layin gaba duk sun yi tsit. Ahukanna ya rufe bakinsa. Mutumin rediyo ya kalle ni yana nuna makirufo, na girgiza masa kai, don na yi wa Ugonma rantsuwa. Ugonma ce ta tashi. Ta zo bakin dandamali ta miƙa wa Ahukanna hannu ta ce, "Ba ni abin nan." Ta koma ta zauna, ta riƙe masa shi a baki da hannunta.

Ƙirga ya daina aiki. Erondu ya waiwayo yana zare mini ido, bakinsa yana cewa, yaya za mu tsaya? Ban sani ba. Idan na sake yanke shi, wannan karon a gaban garin Aba ne. Na sauke idona daga fanka na nemi kafaɗar, ta gaba yanzu, ba ta baya ba.

Sai na ga fuskarsa.

Shekara arba'in da ɗoriya ina kiɗa wa mutumin nan, ban taɓa ganin fuskarsa yana waƙa ba. Ashe ido rufe yake yi. Gam, kamar mai addu'a, gira a haɗe, kai ya ɗan karkata. Rabin bakin ba ya tafiya, rabin yana aikin duka biyun. Na kusa sakin sanda.

Ya yi baitoci, ya bar mu muka yi kiɗa, ya dawo, ya sake zagayowa. Tsofaffi suna rawa da sandunansu. Ni dai ina kansa, ina roƙon Allah a raina. Kafaɗar ba ta motsa ba, ko kaɗan.

Can, a tsakiyar dogon jan nan na ƙarshe, ya buɗe ido. A kaina suka sauka. A daidai lokacin duk tsofaffin matan layin gaba suka miƙe da ihu, hannuwa a sama, tun ban yi komai ba. Hannuna bai jira shawarata ba. Bugu huɗu, faranti. Muryarsa da bes da piyano da ganguna suka tsaya a wuri ɗaya, kamar an yanka da wuƙa.

Abin da ya biyo baya ban iya faɗarsa ba. Na san dai Erondu ya zauna a ƙasa ya rungume bes ɗinsa.

Da safen nan na je gidan. Yana falo da shayi a gabansa, ya gaji liƙis, bai yi magana ba. Na tambayi Ugonma yadda aka yi matan nan suka san ƙarshe ya zo.

Ta ce, "Wane irin yadda aka yi? In ya buɗe ido ai an gama. Tun ina 'yar aji uku na san wannan, kowace yarinya a Aba ta sani. Ido ne farko, kafaɗa daga baya take biyowa."

Na ce, "To me ya hana ki gaya mana, muna ta wahala a falon nan?"

Ta ce, "Kun tambaye ni? Kun jera kanku a bayan mutum kamar masu bin gawa, ina kicin, na san abin da kuke kallo ne?" Ta ajiye buta, ta ƙare mini kallo. "Tsaya, Nwankpa. Ihun da ake yi kafin a rufe waƙa, duk shekarun nan, wa ka ɗauka ake yi wa?"

Gaskiya na ɗauka bugu huɗun nan nawa ake jira.

Ta tafa hannu ta ce, "Papa Nkiru, ka ji ɗan'uwanka!"

Dee ya yi dariya har shayi ya zube masa a riga. Na ɗauko tsumma na goge masa. Daga nan na jawo kujera na zauna a gabansa, gwiwa da gwiwa, na ce, "Dee, yi mini baiti ɗaya. Ina son in gani."

Ya kalle ni ya daɗe, sannan ya rufe ido.